Linjila a Akwatin Talabijin: Nazarin Wasan "The Chosen" Daga Zauren Wata Majami'a a Kongo-Rasha

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Maganar tana da daɗi a baki, amma mai nazarin adabi ba zai bar ta ta wuce haka nan ba, domin idan gani ya kori ji, sai a tambaya: me mutum ya samu, me kuma ya rasa? Wannan tambaya ce ta haifar da wannan ɗan nazari. Na sami damar zama sau da dama tare da wani rukuni na Kirista, matasa da iyaye mata da 'yan dattawa, a wata majami'a da ke unguwar Kongo-Rasha a cikin garin Jos. Sukan taru da yamma su kalli kashi ɗaya na wasan talabijin mai suna The Chosen, wato Zaɓaɓɓu, sa'an nan su buɗe Littafi Mai Tsarki su tattauna abin da suka gani.

Manufar wannan takarda ita ce a auna wasan a bisa ma'aunin adabi, wato jigonsa da zubinsa da 'yan wasansa da harshensa, a kuma duba ko ya dace da aikin da aka ɗora masa a irin wannan zama. Hukuncin addini kuwa yana da masu shi, ba za mu shiga gonarsu ba.

2.0 Shimfiɗa

Jos ba baƙuwar wasan talabijin ba ce. A nan ne Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, take da mazauninta, kuma shahararren wasan nan Cock Crow at Dawn na tashar NTA, wanda ya fara fita a 1980, a yankin Jos aka ɗauke shi. Har ila yau a garin ne hedikwatar ECWA da ta COCIN suke, ikilisiyoyi biyu da suka daɗe suna sujada da wa'azi da waƙa cikin harshen Hausa. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller ya taka babbar rawa a cikinsa, sa'an nan wata fassarar ta biyo baya a 1979. Ke nan labaran Linjila sun shiga kunnen mai jin Hausa shekaru masu yawa kafin su shiga idonsa.

Da suka zo shiga idon, ta ƙofa biyu suka fi shigowa. Ta farko ita ce Jesus of Nazareth, wasan talabijin na 1977 wanda Franco Zeffirelli, mutumin Italiya, ya ba da umarni, Robert Powell kuma ya fito a matsayin Yesu. Ta biyu ita ce fim ɗin Jesus na 1979, wanda aka gina a kan Linjilar Luka, aka kuma juya muryoyinsa zuwa Hausa, ana haska shi da majigi a ƙauyuka da filayen majami'u.

The Chosen ya bambanta da waɗannan ta fuskoki uku. Na ɗaya, da karo-karon masu kallo aka fara shi, inda aka tara sama da dala miliyan 10 don zangon farko da ya fito a 2019. Na biyu, an tsara shi ya kai zango bakwai, saboda haka yana da lokacin da magabatansa ba su samu ba. Na uku, mai ba da umarni, Dallas Jenkins, ɗan Amurka, ya zaɓi ya nuna Yesu ta idon mutanen da suka haɗu da shi: masunci da mai karɓar haraji da malamin Attaura da macen da aljanu suka wahalar. Tun a farkon kashi na ɗaya an rubuta sanarwa cewa an haɗe wasu wurare da lokuta, an ƙara wasu mutane da tarihin rayuwarsu, an kuma shawarci mai kallo ya karanta Linjila da kansa.

Sai kuma wurin kallon. Ranar Juma'a, 7 ga Satumba, 2001, a Kongo-Rasha ne wata taƙaddama kan wucewa ta hanyar da aka tare don sallar Juma'a ta zama tartsatsin da ya kunna wutar rikicin Jos, bayan an daɗe ana zaman doya da manja kan batun wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa fiye da mutum 1,000 ne suka rasa rayukansu cikin kusan mako guda. Wutar ta sake tashi a garin a Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Unguwannin da a da ake zaune a cakuɗe suka rabu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Duk wanda ya haura shekara 30 a zauren nan yana da wani da ya rasa, ko gida, ko maƙwabci. Wasan da ke magana a kan abokan gaba da gafara ba zai shiga kunnensu yadda yake shiga kunnen mutumin Teksas, inda ake ɗaukar yawancinsa ba.

3.0 Jigo

Babban jigon wasan shi ne kira: yadda ake kiran mutanen da ba su cancanta ba, kuma ba sa ga maciji da juna, a ce su ci abinci a akushi ɗaya. Ƙananan jigogi sun haɗa da gafara, da talauci a ƙarƙashin mulkin Rumawa, da ciwon da ba a warkar ba.

Domin a gane yadda aka warware wannan jigo, ya kamata a lura da salon Linjila kanta. Marubutanta masu taƙaita zance ne ainun. Kiran Matiyu mai karɓar haraji aya ɗaya ce tak a Matiyu 9:9. Abin da Luka 8:2 ya faɗa game da baya na Maryamu Magadaliya bai wuce cewa an fitar mata da aljanu bakwai ba. Saminu Zaloti kuwa sunansa kawai aka lissafa. Wannan taƙaitawa ta yi kama da ta tatsuniya, inda mai ba da labari ba ya faɗin abin da ke zuciyar Gizo, sai mai sauraro ya cike da kansa. A cikin waɗannan gurabe ne tattaunawar rukuni take rayuwa, domin kowa yana kawo tasa fahimtar. Wasan talabijin kuwa ba ya iya barin gurbi. Dole fuska ta nuna wani abu, dole murya ta hau ko ta sauka, dole a san inda mutum ya kwana. Saboda haka ma'aunin da za mu yi amfani da shi shi ne: cikon da marubuta suka yi, buɗe tambaya ya yi ko rufe ta?

3.1 Cikon da ya buɗe tambaya

Mafi ƙarfin abin da wasan ya yi shi ne gabar da ke tsakanin Saminu Bitrus da Matiyu. Linjila ba ta ce sun taɓa saɓani ba, amma hankali zai ɗauka cewa masunci a Kafarnahum ba zai yi murnar zama da wanda yake tatsar jama'arsa yana miƙa wa 'yan mulkin mallaka ba. Zeffirelli ma ya hango wannan, sai dai a fitowa ɗaya ya kashe wutar: Yesu ya ba da misalin ɗa almubazzari a gidan Matiyu, Bitrus yana tsaye a bakin ƙofa yana ji, ya shigo, suka shirya. Fitowar tana da kyau, amma gafarar ta zo da arha.

Jenkins ya ƙi wannan gajeriyar hanya. A kashi na uku na zango na biyu, almajirai suna zaune a bakin wuta da dare, Yesu yana can yana warkar da jama'a tun safe. Hira ta koma gori, Saminu ya zazzage wa Matiyu duk abin da ke cikinsa, ya kuma nuna ba shi da niyyar yafe masa. Ana cikin haka sai Yesu ya dawo a gajiye, da ƙyar yake ɗaga ƙafa, ya wuce su ya shiga tanti. Bai yi musu wa'azi ba, kunya ce ta rufe bakin kowa. Ba a sasanta mutanen biyu ba sai a zango na huɗu, inda Matiyu ya nemi gafara, aka kuma ɗaura abin a kan tambayar Bitrus ta Matiyu 18:21-22 game da sau nawa ya kamata mutum ya yafe.

A daren da aka kalli fitowar bakin wuta, zauren ya yi tsit na ɗan lokaci. Wata mata daga cikin Zumuntar Mata ta dubi dattijon da ke jagorantar zaman ta ce, "Baba, ni ban ga laifin Bitrus ba. Wanda bai ce ya tuba ba, ta yaya za a ce in yafe masa?" Dattijon bai ba ta amsa kai tsaye ba, ya ce, "Mama, to da za a jira sai ya ce ya tuba, shekara nawa kike ganin za a yi a bakin wutar nan?" Aka shafe kusan sa'a guda a kan wannan, ba wanda ya ambaci 2001, amma kowa ya san ba Matiyu kaɗai ake nufi ba. A ganina nasarar wasan kwaikwayo ke nan: ya ara wa mutane sunayen wasu don su faɗi abin da ba za su iya faɗa da nasu sunayen ba. Haka tashe yake yi a ƙasar Hausa, yaro ya sa gemun auduga ya gaya wa tsoho gaskiya, ba a ce ya yi rashin kunya ba.

Haka nan labarin Yakubu ƙarami, almajiri mai ɗingishi, wanda a zango na uku ya tambayi Yesu dalilin da bai warkar da shi ba alhali ana aikensa ya warkar da wasu. Jordan Walker Ross, wanda ya fito a wannan matsayi, da naƙasarsa ta gaske yake wasa. Babu wannan labari a Linjila, amma tambayar tana bakin duk wanda ya yi addu'a ya ga shiru.

3.2 Cikon da ya rufe tambaya

Ba kullum ake kwana a gado ba. A Luka 5:1-11, Saminu ya kwana yana jefa taru bai kama komai ba, aka ce ya sake jefawa, kifi ya cika jirage biyu, tsoro ya kama shi, ya bar kome ya bi. Abin mamakin labarin shi ne mutum ya sami kamun da bai taɓa yi ba, ya juya masa baya. Marubutan wasan sun ƙirƙiro wa Saminu bashin haraji mai nauyi, da wata yarjejeniya da Rumawa ta tona asirin 'yan'uwansa masu kamun kifi ran Asabar. Da kifin ya zo, sai ya zama kuɗin biyan bashi. Ta fuskar zubi dabarar ta yi aiki, domin ta riƙe mai kallo kashi huɗu cur. Amma ta karkatar da ma'ana. Wani saurayi a zauren ya taƙaita darasin da cewa in ka bi Yesu zai biya maka bashi. A ƙasar da wa'azin arziki ya cika tashoshi, wannan karkata ba ƙarama ba ce.

Wanda ya fi damuna shi ne kashi na ɗaya na zango na biyu. An kai almajirai Samariya, an nuna Yakubu da Yahaya suna neman a sauko da wuta a kan Samariyawa, kamar yadda yake a Luka 9:51-56, aka tsawata musu. Wannan ya yi daidai. Sai dai an ƙara wani Basamariye gurgu mai suna Melek, wanda ya furta cewa yana cikin waɗanda suka yi wa wani matafiyi fashi suka bar shi kwance, wato an mayar da misalin Basamariye mai tausayi na Luka 10 ya zama abin da ya faru da gaske. Yesu ya tabbatar masa cewa mutumin bai mutu ba, wani ya zo ya taimake shi. Gari na wayewa ƙafar Melek ta warke.

Fitowar tana sa hawaye, amma a duba abin da ta yi. Ta sauke wa mai laifi kayansa ta hanyar gaya masa cewa ɓarnar ba ta kai yadda yake zato ba. A Kongo-Rasha kuwa waɗanda aka bari kwance a kan hanya, Kirista da Musulmi, da yawansu ba su tashi ba. Mai laifin da ke zaune da irin wannan nauyi, da wanda aka kashe wa ɗa, ba abin da wannan fitowa za ta ba su, domin ta kauce wa tambaya mai wuyar: ina gafara idan mutumin ya mutu? Bugu da ƙari, misalin Luka an yi shi ne don mai sauraro ya ga alheri ya fito daga hannun wanda ya raina. Da aka karkata hankali zuwa ga ɗan fashin, sai ƙayar da ke cikin misalin ta zube, alhali ita ce mutanen garin da ya rabu biyu suka fi bukata.

4.0 Zubi da 'yan wasa

An zuba wasan ne bisa tsarin labarai masu yawa da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, a bar wannan a rataye a koma wancan. Wannan ya dace da zaman mako-mako, domin kowane kashi yana ƙarewa da abin da za a kwana ana tunani. Illarsa ita ce jan rai: akwai kashin da za a gama ba a taɓo aya ko ɗaya ba, mai jagora ya rasa inda zai ce a buɗe.

Yesun Robert Powell mai shuɗin ido ne, da wuya ya ƙifta, yana magana kamar daga wata duniya. Na Jonathan Roumie yana dariya, yana zolayar almajiransa, yana rawa a bikin Kana, yana gajiya. Matasan zauren sun fi son na biyu, wasu dattawan kuma sun ga an rage kwarjini. Duka ɓangarorin suna da hujja, domin koyarwar Kirista ta haɗa ɗaukaka da mutuntaka, kyamara kuwa ɗaya take iya fifitawa a lokaci guda. Paras Patel ya yi ƙoƙari matuƙa a matsayin Matiyu, mutum mai kaifin lissafi wanda cuɗanya da jama'a take yi wa wuya. Erick Avari kuma ya ba Nikodimu nauyin malamin da ya ga gaskiya amma matsayi da iyali suka riƙe masa riga.

A nan ya kamata a faɗi wani abu da mai karatu ya riga ya sani. Musulmi suna girmama Annabi Isa, alaihissalam, kuma galibin malamansu ba su yarda a kwaikwayi annabawa ba. Shi ya sa Moustapha Akkad, a fim ɗinsa The Message na 1976, bai nuna fuskar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko muryarsa ba, ya bar kyamara ta tsaya a gurbinsa. A cikin Kirista ma akwai masu ƙyamar zana kamannin Yesu. Ta fuskar adabi damuwar tana da tushe: fuskar da ido ya saba da ita takan zauna daram, har mutum ya rufe ido zai yi addu'a ya ga ɗan wasa. Wannan ne jin da gani yake kora.

5.0 Harshe

Kwafin da rukunin yake kallo na Ingilishi ne. Akan tsayar da hoton, wani ɗalibi ya yi tafinta cikin Hausar Jos, wadda ba ta cika damuwa da bambanta namiji da mace a wakilin suna ba, amma tana isar da saƙo sarai. Abin lura shi ne barkwancin wasan na Amurkawa ne, gajere mai harbin iska, kuma yakan mutu a bakin tafinta. Yadda almajirai suke mayar wa malaminsu magana gatsal, ko yadda Adnin, wato Eden matar Saminu, take fuskantar mijinta a gaban kyamara, ya sa iyaye mata suna kallon juna. Wani abin kuma fassara ƙara masa armashi take yi. Kalmomi irin su suruka da haraji da ɗan sandan Rumawa da bashi suna da nauyi a Hausa wanda ba sai an yi bayani ba, ga jama'ar da kakanninta suka biya haraji da jangali a zamanin Turawa.

Gidauniyar Come and See ta ɗauki alkawarin juya wasan zuwa harsuna 600. Duk mai yin wannan aiki da Hausa yana da zaɓi a gabansa: ko ya bi Hausar Littafi Mai Tsarki, wadda kunnen majami'a ya saba da ita, ko ya bi Hausar kasuwa. Shawarata ita ce ya raba. Inda maganar ta fito daga nassi, a bar ta da Hausar nassi, inda kuma ƙagen marubuta ne, a sake ta cikin harshen yau da kullum. Ta haka kunne da kansa zai riƙa rarrabe wa mai kallo aya da tsakuwa.

6.0 Kammalawa

Wasan kwaikwayon Hausa, tun daga rubuce-rubucen Shu'aibu Maƙarfi har zuwa Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, ya ginu ne a kan faɗakarwa cikin raha. Saboda haka ɗora wa wasa nauyin koyarwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. The Chosen wasa ne da aka yi da gwaninta, kuma inda ya haƙura ya bar rauni a buɗe, kamar gabar Saminu da Matiyu, ya cancanci yabo ba tare da ƙwange ba. Inda ya yi gaggawar lallashin mai kallo, kamar labarin Melek da bashin Saminu, ya nuna cewa an rubuta shi ne don mutanen da yaƙi bai taɓa shiga unguwarsu ba.

Abin da ya cece shi a zauren da na zauna shi ne tsarin da dattijon nan ya kafa. Kafin a kunna janareta sai an karanta nassin da babbar murya. Bayan an kalla, tambayarsa ta farko kullum ita ce, "'Ya'yana, wanne ne a rubuce, wanne ne suka ƙara?" Sai an gama wannan tankaɗe da rairaya kafin a shiga abin da ya taɓa zuciyar kowa. Rukunin da ya tsallake wannan mataki zai wayi gari yara suna rantsuwa cewa sunan matar Bitrus yana cikin Linjila, alhali Markus 1:30 surukarsa kawai ya ambata. A makon da aka kalli labarin Melek, matar nan da ta kare Bitrus ita ce ta fara ɗaga hannu. Ta ce ta duba Luka sura 10 tun daga farko har ƙarshe, ba ta ga inda aka ce ɗan fashin ya sami labari ba, don haka tana so a koma kan wanda ya tsaya ya ɗaure raunin, a faɗa mata ko ɗan wace unguwa ne.